Sallama a Ƙofar Tsohuwa

Zuwa ga ƙanwata Auta, jikar ƙanen kakata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ta dace da ke, ina kuma gaida maigidanki Direba tare da addu'ar Allah ya ba shi sauƙi. Mu nan lafiya muke, in ban da gwiwata ta hagu da ke tsami idan na daɗe a tsugune. Maiɗakina tana gaishe ku.

Kafin in shiga magana, ki dubi wannan rubutu da kyau. Nawa ne. Ba wanda ya riƙe mini alƙalami, ba wanda ya tsaya a kaina. Tun bara nake zuwa ajin manya bayan an tashi daga aiki, kuma Malama ta faɗa a gaban kowa cewa layina ya fi na kowa miƙewa. Ban yi mamaki ba, domin wanda ya tsufa yana jan layi a kan katako ba zai zo ya karkace a kan takarda ba. Saboda haka daga yau na daina yin magana mai nauyi ta waya. Motar safe za ta riƙa kawo miki saƙona.

Na samu labarin an sallamo Direba daga asibiti, ƙafafun ba su dawo ba, hannun dama kuma babu ƙarfi. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Ban zo ba ne domin ba a kira ni ba, kin kuwa san halina, ba na faɗa wa mutane gida a lokacin da suke cikin damuwa sai an ce in zo. Saƙonki na teburin da za a ɗora a kan gado ya iso. Na auna, na yanka, saura in goge shi.

Yanzu ga muhimmiyar maganar. Mutumin da ya saba da hanya aka kwantar da shi a ɗaki, zaman banza ne zai fi cin ransa. Na yi nazari a kan haka, na kuma samo magani, tunda kina da kwamfutar da kike buga wa mutane takardu da ita.

A bayan ajinmu akwai kwamfuta, Malama tana zaunar da mu a gabanta domin idonmu ya saba da karatu. A ciki akwai wani irin wasa. Kada ki ji an ce wasa ki raina. Ba irin na tsere da harbe-harbe ba ne da matasa ke ihu a kai. Wannan labari ne, sai dai kai ne a cikinsa. Ana ba ka mutum, ka zaɓa masa sana'a da hali, ka shiga gari. Mutane su yi maka magana a rubuce a ƙasan allo, a jera maka amsoshi, ka ɗauki ɗaya. Abin da ka faɗa kuma yana bin ka. Na taɓa yi wa wani mai kwale-kwale tsawa a farkon labari, da na zo tsallaka ruwa can gaba sai ya ce bai san ni ba.

Ga waɗanda na gwada da kaina, da sunayensu yadda Malama ta fassara mana. Na asalin na kwafe su harafi-harafi a bayan takardar nan.

Akwai Alƙalin Tsibiri. An tura ka ka gano wanda ya ƙone ma'ajiyar gari. Babu faɗa, tambaya ce da saurare. Ya dace da mai haƙuri. Na tsare mutanen da ba su da laifi kafin in gano gaskiya, amma shaidu ne suka yi mini ƙarya.

Akwai Gidan Haya. Kai ne mai kula da wani dogon bene, kowane ɗaki da damuwarsa. A hawa na sama akwai wani tsoho mai gyaran agogo wanda 'ya'yansa suka daina zuwa. Labarinsa ya sa na cire tabarau na goge ido, na ce wa na kusa da ni ƙurar katako ce ta biyo ni daga shago.

Wanda ya fi su duka shi ne Mai Kai Magani, shi na zaɓa wa Direba. An ba ka keken alfadari cike da magani, ka tsallaka duwatsu ka kai wani gari da ciwo ya sauka. Abokan tafiyarka su ne wata mai girki mai baki da wani tsohon soja da ba a iya masa. Hanya ce daga farko har ƙarshe.

Shawarata ita ce ya karanta komai, kada ya tsallake, ya kuma gaida duk wanda ya haɗu da shi. Malama ta ce idan mutum ya yi kuskure akwai inda zai danna ya koma baya kamar ba a yi ba. Ni ban yarda da wannan ba. A sana'ata idan ka yanka katako ya gaza, sai dai ka san yadda za ka yi da shi a haka.

Ina sauraron godiyarsa.

Yayanki,
Shugaban kafintocin layin bayan tasha

*

Yaya,

Na ga wasiƙarka. Rubutun ya yi kyau wallahi, Allah ya ƙara basira. A gaida Anti, Allah ya sauwaƙa gwiwar.

Amma Yaya, don Allah, wasa? Mutumin da sai na ɗaga shi na juya shi, shi za ka aiko wa sunan wasa, har kana jiran godiya?

Bari in gaya maka yadda gidan nan yake tunda ba ka gani ba. Tun da aka dawo da shi fuskarsa na bango. In na shiga yi masa abin da ya kamata sai ya rufe ido har in gama, sannan ya ce, "Ja mini ƙofa." Maganarmu ke nan. Abokan aikinsa sun zo, ya ce in ce musu barci yake. Ni a falo nake kwana. Wani lokaci ina tsayawa a bakin ƙofar in kira sunansa, shiru, in koma kan aikina ina buga takardun mutane ina kuskure.

Shekaranjiya ya kira ni da kansa. Na saki abin da ke hannuna na shiga da gudu, har da murnata. Sai ya ce ƙarshen wata idan wana ya zo da mota, in haɗa kayana in bi shi gidan Inna, zai ba ni takardata. Ƙanensa zai zo ya ɗauke shi. Wai bai auro ni don in ƙare rayuwata a jinya ba. Na yi kuka, na yi faɗa, na rantse, ko juyowa bai yi ba.

Ban gaya wa kowa ba, ko Inna. Kai ma don ka ba ni haushi ne ya fito.

Kada ka sake aiko mini da sunan wani wasa. Teburin ma ka bar shi, ban san ko zai same ni a gidan ba.

Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, shi ma Direba Allah ya ƙara masa sauƙi. Mu nan babu abin da ya canza.

Na jinkirta amsa domin na yaga takardu da yawa. Na karɓi faɗanki. Ban saba a yi mini irinsa ba, a layinmu ni ake kawo wa ƙara, amma na duba na ga kina da gaskiya a wani ɓangare.

Maganar da kika faɗa mini ta hana ni sakewa. Jiya na yi ta auna ƙofar wani mutum har ya gaji ya ce, "Shugaba, lafiya?" Na yi tunanin in hau mota in zo. Sai na ga magana ce tsakanin miji da mata, mijin kuma bai neme ni ba. Na yi tunanin in rubuta masa nasiha. Na zauna, na nemi abin da ake faɗa wa mutum a irin halinsa cikin duk kalmomin da aka koya mini, ban samu ba. Duk jimlar da na gina, idan na karanta ta da ƙarfi sai in ji kunya. Ashe iya rubutu daban, sanin abin rubutawa daban. Wannan Malama ba ta gaya mana ba.

Teburin na gama shi, ga shi nan tare da wannan takarda, domin ba na barin aiki a rabi. Na yi masa baki a gefe don kada kofi ya zame. A cikin aljihunsa akwai faifan Mai Kai Magani. Ban aiko da suna ba, kin hana. Faifai na aiko.

Akwai kuma wata tambaya da nake so ki miƙa wa Direba idan hali ya yi. Ba don ya yi wasa ba. Shawarar masanin hanya nake nema, domin na shiga wani hali.

Bayan an fita daga garin farko hanya ta rabu biyu, gajera ta bakin kogi, doguwa ta kan tudu. An yi ruwan sama, keken kuma cike yake. Na bi ta kogi, tunda mutane suna can suna jiran magani, gajera kuwa gajera ce. Ƙafar keken ta nutse, sandar da ke riƙe ƙafafun ta karye. Ina so a sani cewa laifin wanda ya ƙera keken ne. Na matso da hoton na duba, ƙusa ya buga a inda ya kamata a yi haɗi.

Wani makiyayi ya ce mini a bukkar da ke kusa da gada akwai wata tsohuwa mai ajiye kayan gyara. Na je. Ƙofar a sakaye take, ba a kulle ba. Na yi sallama da bakina, 'yan aji suka yi dariya, ban kula su ba. A allon akwai wurin ƙwanƙwasawa, akwai wurin shiga. Na ƙwanƙwasa, shiru. Na sake, shiru. Malama ta ce, "Baba, ka shiga mana." Na ce mata ba haka aka rene ni ba, ɗakin mace ne, kuma ba a amsa mini ba.

Tun daga ranar, duk lokacin da aka zo aji sai in ƙwanƙwasa in tsaya. Mai girki ta fara yi mini habaici, tsohon sojan ya daina yi mini magana. 'Yan ajinmu da muka fara tare wasu har sun isa garin. Tambayata ita ce, a ina kuma matafiyi zai samu sandar keke a irin wannan wuri, ba tare da ya keta mutuncin gidan mutane ba?

Idan bai amsa ba, ba zan riƙe shi a zuciya ba. Abin da nake da shi ke nan.

Yayanki

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya.

Direban motar safe ya tabbatar mini ya miƙa teburin hannu da hannu, amma har yau ban ga amsa ba. Kullum ina zuwa tasha, har masu lodi sun fara ajiye mini benci. Wata ya kusa ƙarewa. Idan na sake yin kuskure a wasiƙar da ta wuce, ki nuna mini layin. Idan kuma kin riga kin bar gidan, ki sanar da ni inda zan riƙa aiko da takarda.

Maiɗakina ta ce in kira ki a waya in huta. Na ɗauki wayar, na ajiye. Ina tsoron abin da zan ji.

Yayanki

*

Yaya,

Ka yi haƙuri da shirun, lokaci ne ban samu ba, za ka ji dalili. Muna lafiya. A gaida Anti, ka gaya mata ta fi ka gaskiya a maganar waya.

Ranar da teburin ya iso na karanta wasiƙarka a falo, na yi dariya har na tsorata, don na manta yadda dariyata take. Na duba ba wanda zan gaya wa. Sai na je na tsaya a bakin ƙofarsa na ce, "Yaya Kafinta ya aiko maka da tambaya." Shiru. Na ce a raina ko ka ji ko kada ka ji, na fara karantawa da ƙarfi.

Da na zo wurin kogi sai na ji murya daga bango.

"Da kaya cike? Bayan ruwan sama?"

Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba. Da na kai inda ka ɗora wa mai keken laifi ya ja tsaki. Da na kai ƙofar tsohuwa sai na ji gadon ya motsa. Yaya, ya juyo. Ya ce, "Tun yaushe yake tsaye a wurin?" Na ce ga alama ya daɗe. Ya ce, "Bukkar akwai hayaƙi?" Na ce ba ka faɗa ba. Ya ce, "Wannan yayan naki zai kashe mutane. Kawo abin nan in gani."

Ban tambaye shi ko da gaske yake ba. Na ɗauko teburin na ɗora masa, ya zauna daidai kamar a kansa ka auna. Na ɗora kwamfutar a kai na sa faifan. Ya gwada dannawa, hannun ya ƙi. Na ga fuskarsa ta fara komawa yadda take, sai na yi maza na hau gefen gadon na ce, "Kai ne direba, ni ce yaron mota. Faɗi inda za a bi." Ya ce, "Yaron mota ba ya zama a gaba." Na ce yau ya zauna.

Mun bi ta tudu, kekenmu ko gezau. Amma ya ce sai mun gangara mun ga bukkar nan. Da muka isa, hannuna ya tafi wurin ƙwanƙwasawa, ya ce, "Shiga." Muka shiga. Yaya, tsohuwar tana ƙasa a kwance. Ta faɗi, zazzaɓi ya kama ta, muryarta ta tafi. Ba ta iya amsawa.

Ya daɗe yana kallon allon.

Daga nan aka tambaye mu ko za mu ba ta daga maganin da muke ɗauke da shi, wanda idan an taɓa, na mutanen garin zai ragu. Na ce a ba ta. Ya ce amana ce, direba ba ya buɗe kayan mutane a hanya. Na ce to ka bar ta ta mutu saboda amana. Ya ce ban san aiki ba. Na ce shi bai san mutane ba. Muka yi ta yi har maƙwabciya ta leƙo ta taga tana tambayar ko lafiya. Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. A ƙarshe aka ba ta, ya ce a rubuta cewa yaron mota ne ya matsa.

Tun ranar kullum sai mun yi tafiya idan na gama aikin mutane. Ba wai komai ya gyaru ba ne. Akwai ranakun da yake komawa bango, ƙafafun kuma suna nan yadda suke. Sai dai yanzu ba na tsayawa a ƙofa ina kira. A kan dutse tsohon sojan ya faɗi ya karye saboda na danna ba daidai ba. Na ce bari in koma baya in gyara. Ya riƙe mini hannu da hagunsa ya ce, "Bar shi. Ɗora shi a keken mu tafi a haka."

Wana ya zo da mota kamar yadda aka shirya. Sauran bayanin yana ƙasa, ya ce shi zai rubuta.

Auta

Yaya Kafinta,

Da hagu na rubuta, kada ka auna layina.

Motar ta zo ta koma ba kaya. Na ce wa wanta muna tsakiyar dutse, ba mai danna mini. Ba shi ne dalilin ba, amma shi na iya faɗa. Ita ta gane.

Amsar tambayarka: babu wani wuri. Wanda ke kwance yana jin sallama, amsawa ce ba ya iyawa. Shiga ake yi.

Teburi ya yi, na gode. Hanyar kogi kuma laifinka ne, ka bar mai keke ya huta.

Direba

*

Zuwa ga Direba da ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Wasiƙarku ta iso, na karanta ta a tsaye a tasha, na sake karanta ta a zaune a shago. Alhamdu lillahi. Maiɗakina ta yi kuka, ni kuma ƙurar katako ta dame ni.

Direba, layinka ya karkace, amma ana gane kowane harafi. Da ƙoƙari zai miƙe.

Jiya a aji na shiga bukkar. Na sami tsohuwar kamar yadda kuka faɗa. Da na ba ta ruwa muryarta ta ɗan dawo, ta dube ni ta ce, "Kai ne mai ƙwanƙwasawar nan?" A cikin amsoshin da aka jera mini akwai wadda zan ce ba ni ba ne. Ban ɗauke ta ba.

Na tambayi Malama yadda aka yi tsohuwar ta rayu duk tsawon tsayuwata. Ta ce wasa yana jira, ko shekara na yi a ƙofar haka zan same ta. Na dawo gida a ƙasa ina juya wannan magana, domin na san wani ɗaki da na tsaya nesa da shi tun ranar da aka dawo da kai, ina ce wa kaina ladabi nake yi, kuma shi ba a cikin kwamfuta yake ba.

Saboda haka wannan takarda za ta zo a motar safe, ni kuma ina cikin ta rana. Zan taho da zarto da katako, domin na tuna akwai matakala a ƙofar gidanku, keken guragu ba zai hau ta ba sai an yi mata gangara. Maganar hanyar kogi har yanzu ina kan bakana, za mu tattauna ta ido da ido, zan kuma nuna maka inda aka buga ƙusar.

Idan na iso zan yi sallama, domin ba zan bar tarbiyyata ba. Amma ba sai kun amsa ba.

Yayanku,
Kafinta